Iya Ruwa, Fidda Kai: Tarihin Injin Motar da Ya Ƙare a Teku

Idan bakanike ya kwance murfin bawul na ɗaya daga cikin manyan injinan fetur da ke tuƙa jiragen ruwan shaƙatawa a Amurka, ya sa tsumma ya goge baƙin man da ya kwanta a kan ƙarfen, zai ga waɗansu lambobi da suka ɗan taso. Ba rubuta su aka yi daga baya ba, tare da ƙarfen aka zuba su. Jeri na farko lambar zubi ce, wadda masu sana'ar ke taƙaita ta da alƙaluma ukun ƙarshe, su ce 781, ko 049, ko 990, ko 236. Jeri na biyu ranar haihuwa ce: harafi ɗaya na wata, sai rana, sai alƙalamin ƙarshe na shekara. Kafin gwani ya ɗauki sufana, waɗannan lambobi yake fara karantawa, domin su ne za su gaya masa ko ƙarfen da ke gabansa zai ƙara wa jirgin gudu, ko zai rage masa ƙarfi, ko kuwa zai zubo ruwa cikin mai ya bar mai jirgi da iyalinsa a tsakiyar teku.

Ƙarfen da ake magana a kansa shi ne kan silinda, wanda bakanikanmu ke kira tof silinda. Injin kuwa shi ne mai silinda takwas na kamfanin Chevrolet, wanda ake wa laƙabi da babbar ganga saboda girman gangar jikinsa. Abin lura a tarihinsa shi ne, kusan duk wani sauyi da aka yi wa kawunansa cikin shekara arba'in da huɗu, ba domin jirgin ruwa aka yi shi ba. Wani domin tseren motoci aka yi, wani domin dokar hana gurɓata iska, wani kuma domin motar ɗaukar kaya. Masu jiragen ruwa gadon wannan duka suka ci, kuma har yau zaɓen kan da ya dace ya rataya ne ga sanin wa aka ƙera wa kowane ɗaya tun asali.

Abin da kan silinda ke yi

Gangar inji ita ce ke ɗauke da silinda da fistin. Kan silinda kuwa murfi ne mai kauri da ake ɗaurawa a bisa ganga, a tsakaninsu kuma a shimfiɗa gasket. Abubuwa uku ne a cikinsa ke yanke hukunci kan halin inji. Na farko shi ne ƙofofin da iska da fetur ke bi su shiga, da waɗanda hayaƙi ke bi ya fita. Na biyu bawul-bawul ɗin da ke buɗe waɗannan ƙofofi su rufe. Na uku kuma kogon ƙuna, wato ɗan ramin da fistin ke matse iska da fetur a ciki kafin filogi ya kunna musu wuta. Ban da waɗannan, akwai hanyoyin ruwa da suka zagaye ciki domin sanyaya ƙarfen.

Girman silinda yana ƙayyade yawan iskar da inji zai iya haɗiya, amma kai ne ke ƙayyade yawan wadda zai samu a zahiri. Shi ya sa mai son sauya halin injinsa ba tare da ya taɓa gangar ba, kan yake sauyawa.

Daga Daytona

Babbar gangar Chevrolet ta farko ta fito a 1958, mai girman inci kubik 348, sai mai 409 ta biyo baya a 1961. A wannan tsari babu kogon ƙuna a cikin kai. An yanke saman gangar ne a karkace, ƙuna ta kasance a cikin silinda, kan kuwa kusan shafaffe ne. Injin yana da ƙarfin ja, amma numfashinsa na gajarta idan juyi ya yi yawa, kuma filin tsere ba ya yafe wannan.

A watan Fabrairun 1963 wasu motocin Chevrolet suka bayyana a filin tsere na Daytona da ke jihar Filorida, ɗauke da sabon inji mai inci kubik 427 wanda injiniya Dick Keinath ya jagoranci tsara shi. Kamfanin bai yi bayaninsa ba, sai 'yan jarida suka raɗa masa suna injin sirri. Junior Johnson da Johnny Rutherford suka ci tseren share fage guda biyu da shi, ko da yake motar Ford ce ta lashe babban tseren. A daidai wannan lokaci ne kuma uwar kamfanin, General Motors, ta ba da umarnin a janye daga harkar tsere baki ɗaya.

Sirrin injin a kansa yake. An mayar da kogon ƙuna cikin kai, sannan maimakon a jera bawul-bawul a layi ɗaya miƙe, sai aka kishingiɗar da kowanne ta fuska biyu, na shigar iska da kusurwarsa, na fitar hayaƙi da tasa. Da haka bawul idan ya buɗe yana nisantar bangon silinda, iska ta samu sarari. Idan aka cire murfi, sandunan bawul suna fuskantar sassa dabam-dabam kamar ƙayar beguwa, kuma sunan da aka ba shi ke nan, kan beguwa.

Wannan tsari ne ya shiga kasuwa a 1965 da sunan Mark IV, mai inci kubik 396. A 1966 aka fitar da mai 427, a 1970 kuma mai 454, wato lita 7.4. Masana'antar Tonawanda da ke kusa da birnin Buffalo a jihar Niyok ita ce gidansa. Da yake masu tsere suna kiran ƙaramin injin Chevrolet ɓera, sai suka kira wannan gafiya.

Tun daga farko kawunan iri biyu ne. Akwai masu ƙofa mai siffar ƙwai, na motocin yau da kullum, da bawul ɗin shiga mai faɗin inci 2.06. Akwai kuma masu ƙofa mai kusurwa huɗu, manya, da bawul mai inci 2.19, waɗanda aka tanada wa injinan gudu. Wannan rabuwa ta 1965 ita ce tushen gardamar da masu jiragen ruwa ke yi har yanzu.

Yadda gafiya ta faɗa ruwa

Sa injin mota a jirgin ruwa tsohuwar al'ada ce a Amurka, amma abin da ya mayar da ita babban ciniki shi ne wata na'ura da ake liƙawa a bayan jirgi: inji yana ciki, ƙafar da ke ɗauke da farfela tana waje, tana juyawa dama da hagu, ana kuma iya ɗaga ta. Kamfanin Volvo Penta na ƙasar Suwidin ne ya fara baje ta a kasuwar nunin jiragen ruwa ta Niyok a 1959 da sunan Aquamatic, bisa haƙƙin mallakar injiniya Jim Wynne. Sai bayan kimanin shekara talatin ta bayyana cewa ainihin tunanin na Charles Strang ne, babban jami'i a kamfanin Mercury, wanda maigidansa Carl Kiekhaefer ya yi watsi da shawarar tun farko. Da Kiekhaefer ya ga kasuwa ta karɓe ta, sai ya fitar da tasa a 1961 da sunan MerCruiser.

Wannan na'ura tana buƙatar inji, kuma ƙera sabon inji daga tushe domin kasuwar jiragen ruwa kaɗai ba ya biyan kuɗinsa. Saboda haka MerCruiser da Crusader da Volvo Penta da sauransu suka riƙa sayen injinan mota daga masana'anta, su yi musu kayan ruwa. Ana sa toshiyar tagulla a madadin ta ƙarfe, da gasket mai jure tsatsa, da kafireta da kayan wuta waɗanda ba sa fitar da tartsatsi, domin tururin fetur yana taruwa a ƙasan jirgi. An yi amfani da injin Ford mai 460 da na Chrysler mai 440, amma na Chevrolet ne ya mamaye fagen.

A birnin Mayami kuwa, a kan wani gajeren titi mai lamba 188, Don Aronow ya kafa kamfanoni ɗaya bayan ɗaya: Formula, da Donzi, da Magnum, da Cigarette. Shi kansa ya zama zakaran duniya na tseren teku a 1967 da 1969. Dogayen jiragensa masu tsinin ƙasa, waɗanda galibi ake sa wa manyan injina biyu, su ne suka cusa wa jama'a sha'awar babbar ganga. A kan wannan titi aka harbe shi a 1987, amma salon da ya kafa ya ɗore.

Ruwa ba kwalta ba ne

Mota idan ta kai gudun da direba ke so a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, ɗan kaso kaɗan na ƙarfin injinta take amfani da shi. Tana da giya da yawa, tana samun gangara, tana tsayawa a mahaɗar hanya. Jirgin ruwa ba ya samun ko ɗaya daga cikin wannan hutu. Giyarsa ta gaba ɗaya ce tak, kuma da zarar an sassauta totur ruwa zai riƙe shi. Injinsa kamar na babbar mota ne da ta ɗauko kaya tana hawan tudun da ba shi da ƙarshe.

Akwai kuma ƙa'idar farfela. Ƙarfin da farfela ke nema yana hauhawa da sauri fiye da juyinta: idan aka ninka juyi sau biyu, ƙarfin da ake buƙata yana ninkuwa kusan sau takwas. Ga kuma lokacin tashi. Jirgi mai gudu yana farawa ne a nutse cikin ruwa, yana ture shi da ƙirji, kafin ya hau bisa ya riƙa sulɓi. Wannan hawa yana faruwa ne a matsakaicin juyi, kuma a nan ake buƙatar ƙarfin murɗa mafi yawa. Injin da ba ya farkawa sai juyi ya yi nisa zai bar jirgi yana ɗage da hanci yana huci.

Iyakar juyin ma ba ta da nisa. Injin MerCruiser mai 454 da ƙarfin doki 330, wanda ya zama jakin wannan sana'a, an tsara shi ya tsaya tsakanin juyi 4,200 da 4,600 a minti idan an buɗe totur duka. Kawunan da aka ƙera domin Daytona kuwa sun fi nuna bajintarsu a juyin da ya haura wannan da yawa.

Dalili a kimiyyance yake. Iska tana da nauyi, kuma idan tana gudu a cikin ƙofa tana ci gaba da cusa kanta cikin silinda ko da fistin ya fara dawowa. Ƙofa matsattsiya tana sa iska gudu tun a ƙaramin juyi, amma tana shaƙe inji idan juyi ya yi yawa. Ƙofa mai faɗi tana ba da hanya a babban juyi, amma a ƙaramin juyi iska tana tafiya a sanyaye, fetur ya rabu da ita ya kwanta a bango. Ƙofar babban kai mai siffar ƙwai tana ɗaukar kimanin si-si 250, mai kusurwa huɗu kuwa ta haura 300.

MerCruiser ta sayar da iri biyun. Mai doki 330 yana da ƙofofi masu siffar ƙwai. Wanda ta kira 454 Magnum, mai doki 365, yana da masu kusurwa huɗu, kuma ana barinsa ya kai juyi 5,000. Sai dai bambancin bai tsaya ga kai ba. Magnum yana da nasa kamshaf, da bututun shigar iska, da fistin da sanduna masu ƙarfi. Mutane da yawa sun ɗora kawunan Magnum a kan mai 330 suna tsammanin ƙarin doki 35, suka tarar jirgin ya ƙara nauyin tashi, gudun ƙarshe kuma bai canza sosai ba. A wannan fage girman kai rawanin tsiya ne, sai idan sauran injin ya kai girman da zai ɗauke shi. Wanda kuma ya yi nasarar ƙara ƙarfin, sai ya tarar ƙafar da ke bayan jirgi tana da nata iyaka. Wannan matsala ce ta sa MerCruiser ta fitar da ƙafa mai ƙarfi, Bravo, a ƙarshen shekarun 1980.

Dokar 1970 da kogon ƙuna

Sauyi na biyu daga majalisa ya fito. Tun 1921 masu bincike a General Motors, cikinsu har da Thomas Midgley, suka gano cewa wani sinadarin dalma idan aka zuba shi a fetur yana hana shi fashewa kafin lokaci. Wannan ya ba injiniyoyi damar ƙara matsi a cikin silinda, matsi kuwa ƙarfi ne. Injin 454 mafi zafi na 1970, mai lamba LS6, yana matse iska 11.25 zuwa 1, yana ba da doki 450.

A wannan shekara ce Amurka ta zartar da dokar tsabtace iska. Na'urar tace hayaƙi da za a sa wa motoci ba ta jituwa da dalma, saboda haka shugaban General Motors, Ed Cole, ya ba da umarnin a rage matsin dukkan injinan kamfanin daga motocin 1971, domin su iya shan fetur marar dalma mai ƙarancin oktan. Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka bi shi ne faɗaɗa kogon ƙuna. Tsofaffin kawuna suna da matsattsen kogo, mai ɗaukar si-si ɗari da 'yan kai ko ƙasa da haka kaɗan. Sababbin suna da buɗaɗɗen kogo mai kimanin si-si 119. An fara gwada buɗaɗɗen kogon ne a 1969 a injinan tsere, domin yana sakar wa bawul numfashi, sai doka ta mayar da shi na kowa.

Ga abin da wannan ke nufi ga mai jirgi. Kowace silinda ta injin 454 tana ɗaukar kimanin si-si 930. A ce sararin da ya rage idan fistin ya kai ƙololuwa, wato kogo da kaurin gasket da sauransu, si-si 124 ne. Matsi zai zama 8.5 zuwa 1. Idan aka cire kai mai kogon 119 aka sa tsoho mai kogon 100, sararin ya koma 105, matsi ya tashi zuwa kusan 9.9. A mota, direba zai ji inji yana ƙwanƙwasa idan ya taka, ya ɗaga ƙafa. A jirgi, ƙarar salansa da ta iska da ta ruwa sun rufe komai, kuma kayan ba sa sauka daga kan inji ko na daƙiƙa ɗaya. Sau da yawa alamar farko ita ce fistin da ya narke. Akwai kuma batun siffa: fistin mai tudu da aka ƙera domin buɗaɗɗen kogo zai iya dukan matsattsen.

Dalma tana da wani aiki na biyu, domin tana shafe mazaunin bawul ɗin hayaƙi ta rage masa ci. Da aka fara janye ta, sai masana'anta ta riƙa taurara mazaunin. Kawunan da suka girmi wannan sauyi, idan aka sa su aiki na sa'o'i da fetur marar dalma, bawul yana nutsewa cikin ƙarfe a hankali. An haramta fetur mai dalma ga motocin kan hanya a Amurka daga 1996. Shi ya sa mai gyaran tsohon kai domin jirgi yake dasa masa sabon mazauni mai tauri, kuma a injinan da ke aiki da zafi ake neman bawul ɗin hayaƙi na Inconel, wani gaurayen ƙarfe mai yawan nikel da ba ya laushi da wuri.

Ƙofar gyaɗa

Bayan rikicin man fetur na 1973 babbar ganga ta rasa kasuwar ƙananan motoci, kuma bayan 1976 ba a ƙara sa 454 a cikinsu ba. Ta koma motocin ɗaukar kaya da na jan tirela. Domin su aka fitar da kai na uku, mai ƙofa ƙarama zagayayyiya wadda masu sana'a suka yi wa laƙabi da ƙofar gyaɗa. Masu tseren mota suna raina ta, suna jefar da ita a bola.

A ruwa labarin ya sha bamban. Da yawa daga cikin injinan 7.4 na talakawan jirage na shekarun baya da wannan kai suka zo, kuma a jirgi mai nauyi, mai ɗakin kwana da kicin, wanda ba ya wuce juyi 4,400, ƙofar gyaɗa tana yin aikinta ba tare da gardama ba. Aikin motar kaya ya fi kama da na jirgi fiye da aikin motar tsere. Matsalarta tana fitowa ne idan aka nemi ƙarin gudu, domin a nan take shaƙewa. Saboda haka tsofaffin kawunan 781 da 049 na shekarun 1970, masu babbar ƙofar ƙwai da buɗaɗɗen kogo, suka zama abin nema. Sukan faɗa musu bawul ya koma inci 2.19, a samu numfashi mai yawa ba tare da an rasa gudun iska ba.

Tarkon 1991

A 1991 General Motors ta sake fasalin gangar, aka kira ta ƙarni na biyar. An gyara hanyoyin mai, an sa wa bayan karanshaf zoben hana yoyo guda ɗaya, an kuma soke gurbin famfon fetur na jikin ganga, domin motoci sun koma famfon lantarki. MerCruiser sai da ta nemi dabara, ta ɗora famfon fetur a jikin famfon ruwan teku da bel ke juyawa. A wannan zamani ne kuma injin 502, mai lita 8.2, ya bazu a jiragen gudu.

Sauyin da ya fi cutar da masu gyara shi ne wanda ido ba ya saurin gani. An canza siffar ramukan ruwa da ke saman ganga. Ramukan kusoshi goma sha shida na kowane kai suna nan inda suke, saboda haka tsohon kan Mark IV yana zama daram a kan sabuwar ganga, a ɗaure shi, inji ya tashi. Amma a wasu wurare ƙarfen da zai danne gasket a gefen ramin ruwa ya yi siriri ko babu shi, sai ruwa ya riƙa tsiyaya cikin inji ya gauraya da mai. A jirgin da ke sanyaya injinsa da ruwan teku kai tsaye, ruwan gishiri ne ke shiga man da ke shafe karanshaf. An fitar da gasket na musamman domin wannan haɗi, kuma kamfanoni masu zaman kansu sun riƙa zuba kawunan da ke rufe ramukan iri biyu, amma sai wanda ya san tarihin ne zai san ya tambaya. Hatta yadda ake saita bawul ya canza, domin na sabon kai ba a daidaita su da hannu kamar na da.

A 1996 ƙarni na shida ya zo, a 2001 kuma injin lita 8.1, wanda masu jirage suka sani da 496. Wannan na ƙarshe ya yanke zumunci gaba ɗaya: kusoshi goma sha takwas, ma'aunin mita, da sabon jerin kunna wuta. Babu tsohon kan da ke hawa kansa.

Alminiyam da gishiri

Yawancin masu jirage ba kwaɗayin gudu ke sa su kwance kai ba, ruwa ne ke tilasta musu. A tsari mafi arha, famfo yana zuƙo ruwan tafki ko na teku, ya bi da shi ta cikin ganga da kai, ya zubar ta salansa. Ana riƙe zafin irin wannan inji a kusan digiri 60 na ma'aunin Salsiyas, ƙasa da na mota sosai, domin gishiri yana fara daskarewa a hanyoyin ruwa idan zafi ya haura. Shekara da shekaru tsatsa tana cin kai daga ciki har ya huje.

Salansar ma jiƙaƙƙiya ce. Ana haɗa hayaƙi da ruwa a wani gwiwar bututu kafin su fita. Idan gwiwar ta ruɓe, ruwa yana gangarowa baya ya kwanta a kan bawul. Idan kuma aka haɗa sabon kai mai yalwar numfashi da kamshaf na tseren mota, wanda ke barin bawul biyu a buɗe tare na tsawon lokaci, inji yana iya tsotso ruwan salansa da kansa a ƙaramin juyi. Ruwa ba ya matsuwa, saboda haka idan ya cika silinda sandar fistin ce ke lanƙwashewa.

Kamfanoni irin su Edelbrock da Dart da Brodix sun kawo kawunan alminiyam, masu kyakkyawan tsarin ƙofa da kogo. Kowane kan ƙarfe ya haura kilo 30, na alminiyam kuwa bai fi kusan rabin haka ba, kuma yana saurin fitar da zafi, abin da ke ba da damar ƙara matsi kaɗan. Sai dai idan alminiyam da baƙin ƙarfe suka haɗu a cikin ruwan gishiri suna zama kamar batir, kuma alminiyam ne ke narkewa. Magani shi ne a yi masa rufin kariya mai tauri, ko a rufe da'irar sanyaya inji da ruwa mai magani, ruwan teku ya tsaya a wata tukunyar musayar zafi. Lokacin da sashen tsere na Mercury ya sa kawunan Edelbrock a injinsa mai suna 525 EFI, da rufaffiyar da'ira ya haɗa su. Wasu kawunan kuma an ɗaga ƙofar hayaƙinsu sama da yadda take a na asali, abin da ke sa salansa ta ƙi daidaita da bututun jirgi ko murfin ɗakin inji ya ƙi rufuwa.

Disambar 2009

A watan Yunin 2009 General Motors ta shiga kariyar fatara, kuma a Disambar wannan shekara masana'antar Tonawanda ta fitar da babbar ganga ta ƙarshe daga layinta. Motocin kaya sun koma dizal da ƙananan injina, kuma odar masu jiragen ruwa ba ta isa ta riƙe layin ba. Kamfanonin da suka shafe rabin ƙarni suna gina cinikinsu a kan injin wani suka ga cewa zanen aro ba ya rufe katara. Mercury ta koma ga injin lita 8.2 na dangin 502, sannan daga 2014 ta fara fitar da injinan cikin jirgi da ta tsara da kanta domin ruwa. Kasuwa kuma ta karkata ga injinan da ake rataya wa a bayan jirgi, har ta kai a 2021 Mercury ta fitar da mai silinda goma sha biyu da ƙarfin doki 600.

Duk da haka tsofaffin jiragen ba su nutse ba. Jikinsu na gilashin zare ne, ba ya ruɓewa da wuri, kuma dubbai suna nan a tafkuna da gaɓar tekun Amurka da injinan da suka girmi masu su. Duk wanda ya gaji ɗaya daga cikinsu, ranar da kan silinda ya huje, tambayoyin da zai amsa tarihi ne ya shimfiɗa su. Wace ganga ce, ta kafin 1991 ko ta bayanta? Wane fistin ne a ciki, kuma matsi nawa zai fito idan aka haɗa shi da wannan kogo? A wane juyi jirgin ke yin yawancin rayuwarsa? Ruwan daɗi ne ko na gishiri? Bayan an haɗa komai kuma akwai gwaji ɗaya da ba ya ƙarya: a fita da jirgi da kayansa na yau da kullum, a buɗe totur duka, a duba ko allurar juyi ta tsaya a inda masana'anta ta ce. Idan ba ta kai ba, inji yana ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsa, kuma sai a rage farfela ko a koma a sake karanta lambobin da ke ƙarƙashin murfi.